Jinina a Jikin Yaya

Mu biyar Inna ta haifa a wani gida mai hawa biyu a unguwar Ammariyya da ke Jidda. Yaya ne babba, ni ce auta, shekara goma sha ɗaya ke tsakaninmu, saboda haka ban taso ina wasa da shi ba. Abin da na fi tunawa a kansa tun ƙuruciya shi ne hannuwansa, kullum baƙi ƙirin da man inji, domin tun yana saurayi ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda mu a Jidda muke ce wa mukayyif. A garin da zafi ke hana mutum cin abincin rana, mai gyaran mukayyif ba ya rasa masu gaishe shi a hanya. Ya buɗe shagonsa a Kurayyat, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyu. Ni kuma na zama tela, ina ɗinka kayan amare a wani shagon mata a Bagdadiyya. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Katsina don sauke farali, bai koma ba. Mu duka a nan aka haife mu, da takardarmu ta 'yan ƙasa, Larabci a waje, Hausa a gaban Inna.

Shekarar da ruwan sama ya yi wa Jidda ɓarna ana shirin hawan Arfa, a cikinta Yaya ya fara rama. Da farko ya ce gajiya ce, tunda ya yi makonni yana kwance injinan da laka ta shiga. Sai dasashinsa ya riƙa zubar da jini in ya yi asuwaki, jikinsa kuma ya riƙa yin tabo shuɗi-shuɗi ba tare da ya bugu da komai ba. Matarsa, wadda duk muke kira Abla, ita ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Kwana uku aka yi ana ɗibar jini, a na huɗu suka ce kansar jini ce.

An yi masa maganin nan mai zubar da gashi har wata huɗu. Cutar ta lafa, muka yi murna, muka yi sadaka. Amma likitarsa ta ce kada mu yaudari kanmu, irin tasa mai dawowa ce, kuma in ta dawo ba ta jin magani. Mafita ɗaya ce: a kashe ɓargonsa gaba ɗaya, a dasa masa ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin wani lafiyayye wanda halittarsa ta dace da tasa. Ta ce a fara da 'yan uwa na ciki ɗaya. Mu huɗu muka je aka ɗebi jininmu. Bayan kwana goma aka kira ni ina tsakiyar kafa duwatsu a rigar wata amarya, aka ce cikin huɗun ni kaɗai na dace, kuma dacewar cikakkiya ce.

Ban ma ƙarasa rigar ba na tafi gidan Yaya da guɗata. Na same shi a falo bayan la'asar, kansa tas ba gashi, hula ta yi masa yawa. Bai yi murna kamar yadda na zata ba. Ya dubi Abla, ita kuma ta miƙe ta ce wa 'yan matan su zo su raka ta kanti. Da ƙofa ta rufu sai ya ce, "Auta, zauna. Kafin ki ce kin yarda, akwai abin da ya kamata ki sani. Ba na son ki ba ni jininki a kan rashin sani."

Na ce, "Yaya, wane sani kuma? Ai magana ta ƙare."

Ya ce, "Ba ta ƙare ba. Shekara tara ke nan ina ɗauke da cutar ƙanjamau."

Mukayyif ɗin falon yana ta gurnani, ni kuma ina kallon kafet. Ya ci gaba a hankali, ya ce wani abokin aikinsa ne ya faɗo daga tsani aka nemi jini, ya je zai bayar, aka gwada aka kira shi gefe. Tun ranar yake shan magani safe da yamma. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Abla fa? Yaran fa?"

"Lafiyarsu ƙalau, an gwada ba sau ɗaya ba. Na ce mata in tana so ta tafi, ba zan riƙe ta da komai ba. Ta ce in daina wannan magana." Ya gyara hularsa. "Likitoci sun ce ke ba abin da zai same ki, daga jikinki za a ɗauka a sa mini, ba daga nawa zuwa naki ba. Amma ki je ki yi tunani. Wataƙila a sha wahalar a banza."

Ban tambaye shi ta inda ya samo ta ba, har yau kuma ban tambaya ba. Sai dai ba zan ɓoye abin da na yi da na isa gida ba. Na wuce banɗaki kai tsaye na wanke hannuna da sabulu sau uku, don mun gaisa da shi. Ina cikin na ukun na ga fuskata a madubi, kunya ta kama ni. Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon teku, shi nake wankewa daga hannuna. Na zauna a bakin baho na yi kuka mai isata. Da na fito na buga masa waya na ce, "Yaya, na yi tunanin. Yalla, mu je, a sa rana."

Ashe sa ranar ba a hannunmu take ba. Likitar, wata 'yar Sudan ce doguwa mai lalle a yatsu, ta zaunar da mu uku a ofishinta, ni da Yaya da Abla. Ta ce a shekarun baya in aka ga cutar ƙanjamau a takardar mutum, ko maganar dashe ba a yi, domin aikin yana rushe garkuwar jiki ƙasa warwas, ana ganin mai ƙanjamau ba zai tashi ba. Yanzu magunguna sun canza lamarin, an fara yi a wasu ƙasashe ana dacewa, amma a asibitinsu ba a taɓa yi ba, sai kwamitin manyan likitoci ya amince, kuma akwai masu ja da baya a cikinsu.

"Abin da zan shiga da shi gabansu," in ji ta, "shi ne hujjar cewa cutar tana danne a jikinka shekara da shekaru, ba jiya ka fara kula ba. Fayil ɗinmu na shekara uku ne kawai. Sauran fa?"

Washegari Abla ta dawo da gwangwanin biskit, irin mai zanen furanni da mata ke ajiye zare da allura a ciki. Da ta buɗe, takardun gwajin Yaya ne na shekara tara cif, an jera su bi da bi, ba wadda ta ɓata, kowacce an naɗe ta a leda saboda gumin Jidda. A ƙasa akwai ƙananan kalandu da ta riƙa yi wa alama duk lokacin da ya haɗiyi ƙwaya. Likitar ta yi ta buɗawa tana girgiza kai, daga ƙarshe ta rufe gwangwanin ta rungume shi a ƙirji ta ce, "Da shi zan shiga, haka yake."

Mako biyu muka jira. Ranar da likitar ta kira, ina shago, Abla ce ta bugo mini, kalma biyu kawai ta iya faɗa: "Sun yarda." Na yi guɗa a tsakiyar shago har mai shagon ta fito daga ciki tana tambayar wa ya haihu.

Akwai wata tambaya da Yaya ya daɗe yana juyawa a ransa, sai a zama na gaba ya fito da ita. Ya ce ya ji a labarai an yi wa wani mutum a Turai irin wannan dashe, kansar ta tafi, ƙanjamau ɗin ma aka neme ta aka rasa. Likitar ta ce gaskiya ne ta karanta, amma wanda ya ba wancan mutumin ƙwayoyin yana da wata halitta da ba kasafai ake samu ba, wadda ke hana cutar shiga ƙwayar jini, kuma da wuya a same ta a wurina. "Kada ka sa rai a nan," ta ce masa. "Kansar muka zo kashewa. Ɗayar kun saba zama da ita, za ku ci gaba." Yaya ya ce halas, shi ke nan, ɗaya ma ta isa godiya.

Inna kuwa, da muka yi mata bayanin dashen ɓargo, sai ta kama hannuna ta ce, "Ƙashinki za su fasa?" A tunaninta irin ɓargon ƙashin rago ne da ake bugawa a bakin faranti. Na ce a'a, allura ce za a yi mini ta kwana biyar, ƙwayoyin su fito daga ɓargo su shiga jini, sannan inji ya tace su. Ta ce, "To in dai ba guduma, ku je, Allah ya yi muku albarka ku biyun."

Allurar ba ta zo da wasa ba. A rana ta uku ƙasusuwana suka riƙa zugi kamar ana matsa su daga ciki, musamman ƙugu, ko ruku'u sai da dabara. Ma'aikaciyar jinyar ta ce alama ce mai kyau, ɓargon ne ya cika yana tumbatsa. A daidai kwanakin nan Yaya yana hawa na sama a ɗakin keɓewa, ana zuba masa maganin da zai share nasa ɓargon. An riga an canza masa magungunan ƙanjamau zuwa waɗanda ba za su yi faɗa da na dashen ba. Na san daga wannan lokaci ba komawa baya: in wani abu ya hana ni bayarwa, ba shi da abin da zai yi jini da shi. Na daina hawa tasi, na daina cin abincin waje, ko tsallaka titi sai na duba sau huɗu.

Ranar ɗiba aka kwantar da ni da safe, allura a wannan hannu, allura a wancan. Jinina yana fita ta bututu ɗaya, ya shiga wani inji mai juyawa kamar na wanki, ya dawo ta ɗayan. Awa biyar ban lanƙwasa hannu ba. Leɓɓana suka riƙa tsikari, aka ba ni madara da wata ƙwaya na tsotsa, Abla tana sosa mini hanci in ya yi ƙaiƙayi, muna dariya. Da aka gama aka nuna mini abin da aka tara. Wata 'yar jaka ce da ba ta fi tafin hannuna biyu ba, launinta kamar zoɓo da aka zuba wa madara. Na ce, "Wannan ne duka?" Aka ce wannan ne, kuma ya wadatar har da ragi.

Da la'asar na tsaya a bayan gilashin ɗakinsa na ga an rataye jakar. Ba wuƙa, ba ɗakin tiyata, ƙarin ruwa ne kawai kamar kowane. Yaya ya bi bututun da ido har jan ya isa ƙirjinsa, sannan ya juyo ya ɗaga mini babban yatsa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu wuya. Kowace safiya ana rubuta yawan fararen ƙwayoyin jininsa a wani allo a bakin ƙofa, kuma kowace safiya sifili muke gani. Bakinsa ya yi gyambo har miyau ba ya haɗiyuwa, maganin ƙanjamau sai an niƙa an bi da shi ta bututun hanci, amma ko sau ɗaya Abla ba ta bari lokacinsa ya wuce ba. Zazzaɓi ya kama shi a rana ta tara, ya kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Na ga likitar tana fitowa daga ɗakin ba ta kallon idon kowa. Na riƙa tsayawa a bakin gilashin ina magana da ƙwayoyina a zuci kamar masu ji, ina cewa ku tashi mana, me kuke jira, ba a san ni da lalaci ba.

A rana ta goma sha shida na fito daga lif na hangi ma'aikatan jinya biyu tsaye a gaban allon suna murmushi. An goge sifilin. Lambar da ke wurin ƙarama ce ƙwarai, amma lamba ce. Washegari ta ninka, wanshekare ta sake ninkawa. Likitar ta zo ta kama kafaɗuna biyu ta ce, "Sun kama. Ɓargonki ya zauna a ƙashinsa yana aiki." Na yi sujada a nan kan tayil ɗin baranda, mutane suna kewaye ni suna wucewa. Kwana biyu bayan haka Yaya ya nemi shayi da madara, ya kuma yi ƙorafin cewa mukayyif ɗin ɗakin yana da ƙara, wanda ya ɗaura shi bai iya aiki ba. Da Abla ta fito ta gaya mini haka, mun san mutum ya dawo.

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Bayan an sallame shi fatarsa ta yi ƙuraje ja daga tafin hannu har wuya. Likitar ta ce ƙwayoyina ne ba su gane gidan da suka shiga ba, suna kai wa jikinsa hari suna zaton baƙo ne. Yaya ya dube ni ya ce, "Dama tun kina ƙarama ba ki da haƙuri." An ƙara magani, a hankali suka lafa. Wata uku yana gida da takunkumi a fuska, ba cin ganye ɗanye, ba shiga taro, ko Juma'a ba ya zuwa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne hukuncin da aka yanke cewa ya bar kwance mukayyif har abada, saboda ƙura da fumfunar da ke taruwa a ciki. Ya yi kwanaki yana fushi da kowa. Daga baya ya raba shagon gida biyu da gilashi, ya bar wa abokin aikinsa ɓangaren gyara, shi ya zauna a gaba yana sayar da kayan gyara, yana ba da umarni ta taga. Hannuwansa suka yi fari tas, har Inna ta ce ba ta gane su.

Da aka cika wata shida aka yi babban gwaji, aka ɗebi ɓargonsa don a ga na wa ke aiki. Muka je karɓar sakamako mu uku. Likitar ta shigo tana dariya tun daga ƙofa. Ta ce wani sabon ma'aikaci a ɗakin gwaji ya bugo mata a rikice, wai an yi kuskure an haɗa samfur, takarda ta ce namiji amma jinin na mace ne. Sai da ta yi masa bayani. "Ba ƙwayar kansa ko ɗaya," ta ce wa Yaya, "kuma duk jinin da ke yawo a jikinka na ƙanwarka ne. Rukunin jininka ma yana komawa nata." Ƙanjamau tana nan, amma a danne kamar da, ba ta ɗaga kai ba duk tsawon wannan gwagwarmaya. Yaya ya sunkuyar da kai ya daɗe, kafaɗunsa suna motsi. Da ya ɗago, ido jawur, sai ya ce, "To Auta, yanzu in na yi rowa, ke za a zarga."

Daga asibiti gidan Inna muka wuce da albishir. A hanya Yaya ya ce ya gaji da ɓoye mata, yau zai faɗa mata ɗaya cutar. Ya durƙusa a gabanta ya fara kame-kame, ta katse shi. "Ƙwayoyin da kake sha a bayan firij in kun zo cin abinci? Na daɗe da kai kwalbar wurin mai kemis ya karanta mini. Na ga ba ka so in sani, sai na bar ka da abinka, na koma gaya wa Allah." Ta shafa sabon gashin da ya fito masa mai laushi kamar na jariri ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi."

Shekara biyu bayan dashen likitar ta ba shi izinin shiga taron jama'a. A makon nan ya ce mu shirya, Umra za mu yi, har da Inna. Muka bar Jidda bayan asuba a motarsa, shi ke tuƙi. Ƙafafun Inna sun riga sun gaza, sai da keken guragu, masu turawa suka taso mana a bakin Harami, Yaya ya ce a'a, shi zai tura uwarsa. Na ce, "Yaya, ɗawafi da sa'ayi fa, ba kusa ba ne." Ya ce in na gaji in faɗa a samo mini nawa keken.

Ya zagaya da ita sau bakwai bai tsaya ba. Muka shiga Safa da Marwa, ni da Abla muna biye muna haki, shi yana gaba, haraminsa ya jiƙe sharkaf, ƙashin kafaɗarsa da a da ya fito fili ya cike da tsoka. Da ya iso tsakanin korayen fitilun nan inda maza ke sassarfa, sai ya waiwayo ya ce, "Inna, riƙe da kyau." Ya sheƙa da keken a guje. Inna ta ƙanƙame hannun kujera tana salati da ƙarfi tana dariya, mayafinta yana tashi, mu kuma muka tsaya a tsakiyar hanya muna kallonsu har suka shige cikin jama'a.